Jinjina ga masu tsintar ɓawon teku a dutsen Sakkwato

Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin bai san ana yi ba. Mutanen da nake son in jinjina wa a yau ba a kaɗa musu ganga, ba a kuma jin sunansu a gidan rediyo. Sun ƙarar da ƙuruciyarsu ne a sunkuye kan madubin likita, riƙe da siririn burushi, suna tsintar wasu 'yan mitsi-mitsin ɓawo daga cikin dutse da laka, har suka tabbatar wa duniya cewa inda Dange da Wurno da Kalambaina suke a yau, teku ne ya taɓa kwanciya a wurin, da kifayensa da kadojinsa. Hujjarsu mafi ƙarfi kuwa wata halitta ce da ake kira foraminifera, wadda sau da yawa ba ta kai milimita ɗaya ba.

Ni mutumin Ƙofa ne, kuma ƙasarmu ba ta da wannan ɓawo ko ɗaya. Duk mai haƙar rijiya a Bebeji ko Kiru ya san abin da zai tarar: jar ƙasa, sai marmara, sai ruɓaɓɓen dutse mai yashi da ƙyalli-ƙyalli, daga nan sai falalen da ke mayar da bakin diga baya. Wannan dutse ya haura shekara miliyan 500, kuma zafi da matsi na can ƙarƙashin ƙasa ne suka dafa shi, babu wani ɓawo da zai tsira a cikinsa. Duwatsun Riruwai a Doguwa, inda kakanninmu suka narka kuza tun kafin zuwan Turawa, su ma daga narkakken dutse suka daskare, tushen wani tsohon dutse ne mai aman wuta. Saboda haka wani zai ce ina ruwan ɗan Ƙofa da ɓawon teku. Da ruwanmu. Buhun simintin da ya fito daga Kalambaina ko daga Ashaka, wanda muke kwaɓawa mu yi daɓe da shi, dutsen farar ƙasa ne aka ƙona, dutsen kuwa tarin ɓawon halittun teku ne da suka mutu suka kwanta a kan juna. Muna zaune a cikin tarihin nan ba mu sani ba.

Ita foraminifera ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Ba ta da kai, ba ta da ido, ba ta da hanji. Duk da haka tana gina wa kanta ɓawo, wani mai ɗaki ɗaya, wani mai ɗakuna da yawa, kowane ɗaki da 'yar kafar da ta haɗa shi da na gabansa. Ta bakin ɓawon take fito da wasu zaruruwa na jikinta, da su take kama abinci, da su take jan jiki. Mafi yawan ire-irenta a ƙasan teku suke zaune, a cikin laka ko yashi, kaɗan ne ke shawagi a saman ruwa. Sun fi shekara miliyan 500 a duniya, suna sauya siffa daga zamani zuwa zamani, kuma suna da yawan da cikin tafin hannu na dutsen da ya dace kan ƙunshi ɗaruruwansu, wani lokaci dubbai. Wannan ne ya sa suka zama kalandar masana duwatsu. Bakin injin haƙa yakan niƙe ƙashi da babban ɓawo, amma waɗannan ƙanana sukan fito lafiya lau a cikin ɓarɓashin da injin ya tono.

Sai dai kalanda ba ta da amfani ga wanda bai iya karanta ta ba, karatun nan kuwa yana farawa ne da sanin wace ce wace. Wani Bafaranshe mai suna Alcide d'Orbigny ne ya fara kasa su kashi-kashi a 1826, bisa yadda ɗakunan suka jeru: masu layi ɗaya, masu layi biyu, masu naɗewa a shimfiɗe, masu naɗewa suna hawa sama. Shi ya ɗauka 'yan ƙananan dangi ne na wasu manyan dabbobin teku masu naɗaɗɗen ɓawo. A 1835 Félix Dujardin ya dubi masu rai daga cikinsu ya nuna cewa ba haka ba ne, halitta ce mai sauƙin jiki ƙwarai. Bayan fiye da shekara ɗari, wasu mata da miji a Amurka, Alfred Loeblich da Helen Tappan, suka fitar da babban kundi a 1964, suka sake faɗaɗa shi a ƙarshen shekarun 1980, inda suka ɗora rabon gaba ɗaya a kan tambaya guda: da me aka gina bangon ɓawon, kuma yaya aka jera shi?

A nan ne abin ya fi burge ni, don haka bari in ɗan daɗe a kansa. Kashi na farko su ne masu bangon tsince-tsince. Halittar takan zaɓi ƙwayoyin yashi da na laka daga inda take kwance, ta manna su ɗaya bayan ɗaya da wani danƙo na jikinta, kamar yadda zanzaro ke ɗebo laka yana lafta ta a kusurwar soro har ɗakinsa ya tashi. Akwai masu ɗaukar duk abin da suka samu, akwai kuma masu tsantseni, waɗanda ba sa taɓa komai sai ƙwaya iri ɗaya, girma ɗaya. Halittar da ba ta da ido ba ta da ƙwaƙwalwa, amma tana zaɓe. Duk wanda ya ga wannan a madubi bai ce Allahu Akbar ba, to bai duba da kyau ba. A ƙarƙashin madubi bangon nan yana da kaushi, ana iya ganin ƙwayoyin ɗai-ɗai.

Kashi na biyu ana ce musu masu bangon tangaran. Su ba sa tsinta, daga ruwan teku suke haɗa sinadarin farar ƙasa a cikin jikinsu, su mayar da shi 'yan siraran allurai, su zuba su barkatai, kowace ta kalli inda ta ga dama. Saboda wannan hargitsi haske ba ya ratsa bangon, sai ya fito fari fat, sumul, ba huda ko ɗaya. Sun fi son ruwa mai ɗumi, marar zurfi, mai gishiri da yawa. Kashi na uku, masu bangon gilashi, su ma da sinadarin farar ƙasa suke gini, amma a jere bisa tsari, shi ya sa haske ke ratsawa, kuma bangon cike yake da ƙananan huji. Da yawa daga cikinsu idan za su ƙara sabon ɗaki sai su shafe duk tsohon ɓawon da sabuwar shimfiɗa, har ɗakunan fari su fi na baya kauri. Duk masu shawagi a saman ruwa daga wannan kashi suke. Haka ma manyan nan da ake kira Nummulites, masu faɗi zagayayyu, waɗanda suka cika dutsen da aka gina dalar Giza a Misra da shi. Strabo, masanin ƙasa na Girka, ya gan su a gindin dalar kimanin shekara 2,000 da suka wuce, aka ce masa ragowar abincin ma'aikatan Fir'auna ne da ya zama dutse.

Akwai wasu kashe-kashen ban da waɗannan. Masu bango mai laushi ba kasafai suke wanzuwa a dutse ba. Wasu kuma, Fusulinida, sun ƙare ƙurmus a wata babbar halaka shekara miliyan 252 da suka wuce, tun kafin tekun da ya bar mana dutsen Sakkwato ya iso.

To me wannan rabo ya faɗa game da ƙasar Hausa? Duwatsun kwarin Sakkwato a shimfiɗe suke, wannan bisa wannan, kuma sunayen garuruwanmu aka raɗa musu, sunayen da yanzu suke cikin littattafan jami'o'in duniya: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gamba, Gwandu. Shimfiɗar Dukamaje ta kwanta ne dab da ƙarshen zamanin wasu manyan dabbobi da suka ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Da aka wanke lakarta, yawancin abin da ya fito masu bangon tsince-tsince ne, irin su Ammobaculites da Haplophragmoides. Wannan ya nuna ruwa ne marar zurfi, gefen teku mai fadama, inda ruwan kogi ke surka gishirin. A sama kuma, a dutsen Kalambaina, wanda ya kwanta kimanin shekara miliyan 56 zuwa 60 da suka wuce, sai ga masu bangon gilashi, har da manya masu ɗakuna birjik. Irin waɗannan manya sukan ajiye wasu ƙananan tsirran ruwa a cikin jikinsu suna ciyar da juna, tsiro kuwa sai da rana. Ke nan ruwan Kalambaina garau yake, mai ɗumi, hasken rana na kaiwa har ƙasansa. Ƙarancin masu shawagi a sama shi ma shaida ne cewa ba teku mai zurfi ba ne. Daga bangon ɓawon da bai kai ƙwayar yashi babba ba aka karanto zurfin ruwa da gishirinsa da ɗuminsa. Ɗaya daga cikin manyan na Kalambaina, Ranikothalia bermudezi, a tsibirin Kuba aka fara bayyana shi, danginsa kuma suna cikin duwatsun Ranikot a Pakistan. Ruwan da ya rufe Sakkwato reshe ne na babban tekun duniya, ya ratso Sahara ta Mali da Nijar, kuma dutsen da ake ƙonawa a Malbaza ɗan'uwan na Kalambaina ne.

Su wa suka yi wannan aiki? Turawa ne suka fara share fage. J. D. Falconer ya wallafa littafinsa kan duwatsun Arewacin Najeriya a 1911, aka kafa hukumar binciken duwatsu ta ƙasa a 1919, Brynmor Jones kuma ya fitar da bayanin duwatsun lardin Sakkwato a 1948. Richard Reyment, wanda ya koyar a Ibadan, ya ƙara nasa a 1965. Amma jinjinata ta musamman ga 'yan ƙasa biyu take. Farfesa Cornelius Kogbe, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bi tuddai da kwazazzaban Sakkwato da ƙafarsa yana auna shimfiɗa bayan shimfiɗa, ya tattara babban littafin ilimin duwatsun Najeriya a 1976, ya kuma jagoranci kafa mujallar ilimin ƙasa ta Afirka a farkon shekarun 1980, don kada masanin Afirka ya rasa inda zai kai bincikensa. Farfesa Sunday Petters kuwa, wanda ya yi aiki a Ibadan da Kalaba, shi ya zauna ya tsince foraminifera na arewa maso yamma, ya siffanta su, ya wallafa bayanin masu bangon tsince-tsince na zamanin Dukamaje a 1979, sannan a 1982 ya haɗa su da na sauran kwaruruwan yankin nan na Afirka. Dukansu daga kudu suka fito. Suka sha ranar Sakkwato da ƙurar hunturunta a kan dutsen da mu masu ƙasar muke wucewa ba mu ko waiwaya. A gaishe su, a gaishe da ɗalibansu da ɗaliban ɗalibansu da ke riƙe da aikin a Zariya da Sakkwato da Kano da Maiduguri da Bauci, a gaishe da ma'aikatan ɗakin gwaji da sunansu ba ya fitowa a bangon littafi.

Wanda bai ga yadda ake yi ba zai zaci ƙaramin abu ne. Ɗalibi zai farfasa guntun dutse, ya jiƙa shi ya kwana, ya zuba a rariyar ƙarfe mai hujin milimita 0.063, ya yi ta wankewa har lakar ta tafi. Abin da ya rage a shanya shi, a barbaɗa kaɗan a kan baƙin faranti mai zanen gida-gida. Daga nan sai ido da haƙuri. Zai jiƙa bakin burushi, ya taɓa ɓawo guda, ya ɗago shi, ya ajiye a kan ɗan kwali da aka shafa wa danƙo, ya koma ya nemi na gaba, gida bayan gida, sau da yawa har sai ya tara 300 daga samfuri ɗaya. Atishawa guda na iya watsar da aikin yini. Manyan kuwa ba a gane su daga waje, sai an goge dutsen ya yi siririn da haske zai ratsa, sannan a ga ɗakunan ciki da 'yan magudanan da ke bin gefen ɓawon.

Kuma aikin yana da riba a fili. A shekarun 1920 wasu mata uku a Texas, Esther Applin da Alva Ellisor da Hedwig Kniker, suka nuna wa kamfanonin mai cewa da waɗannan ƙananan ɓawo za a iya sanin shekarun kowace shimfiɗa da injin haƙa ya ratsa. Tun daga lokacin babu wani mai hankali cikin masu neman mai da ke raina su. Arzikin yankin Neja-Delta da su aka bi sawunsa. Da aka ba da sanarwar samun mai a Kolmani, tsakanin Bauci da Gombe, a 2019, aka kuma ƙaddamar da aikin a Nuwamba 2022, kowa ya ga shugabanni da hulunan kwano a talabijin, amma taswirar shimfiɗun da aka dogara da ita masu burushi suna cikin waɗanda suka zana ta.

Sai dai da sauran aiki, kuma ba kaɗan ba. Rabon da Petters ya yi aiki da shi ya motsa. A 2013 Jan Pawlowski da abokan aikinsa suka duba ƙwayoyin gado na masu rai, suka gano cewa kamannin bango ba kullum yake nuna dangantaka ba. Akwai masu bangon tsince-tsince da suka fi kusa da masu tangaran, akwai waɗanda suka fi kusa da masu gilashi. Suka raba masu ɗakuna da yawa gida biyu, masu ɗakuna dunƙulallu da masu ɗakuna kamar bututu. Wannan bai rushe aikin magabata ba, domin mai tsintar ɓawo daga dutse har gobe bango da jerin ɗakuna yake gani, ba shi da ƙwayar gado da zai auna. Amma yana nufin sunayen da aka rubuta fiye da shekara arba'in da suka wuce suna bukatar a sake duba su, a ɗauki hotonsu da madubin lantarki mai nuna hujin bango ɗai-ɗai, a gyara na gyarawa. Girmama malami ita ce a ɗora daga inda ya tsaya. Ɗalibin da ya kwafe jerin sunayen 1979 ya liƙa a kundin digirinsa ba tare da ya wanke ko cokali ɗaya na laka ba, ya ci amanar Petters, ya kuma cuci kansa.

Sake dubawa kuwa ba ta yiwuwa sai an adana abin da aka tsinta. Ƙoƙon kan Goronyosaurus, ƙatuwar dabbar tekun nan da masu bincike daga Italiya suka tono a yankin Goronyo wajajen 1970, yana birnin Firenze. Ba na ƙorafi a kan waɗanda suka adana shi, da an bar shi a kwazazzabo da ruwan damina ya gama da shi. Abin da nake nema shi ne mu ma mu yi namu: kowane kwalin ɓawo da ɗalibi ya tsinta a jami'o'inmu a ba shi lamba, a rubuta inda aka ɗebo shi da zurfin wurin, a ajiye a ma'ajiya guda da ba ta yoyo, wadda mai bincike daga Maraɗi ko Yamai zai iya zuwa ya buɗe. Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin ɗari na wani ɓangaren ribar kamfanin mai na ƙasa don neman mai a sababbin kwaruruwa. Ma'ajiya da madubai da albashin masu tsinta ba su kai kuɗin rijiya ɗaya ba, kuma su ne ke hana a haƙa rijiya a inda ba komai.

Kamfanonin siminti ma akwai hakki a wuyansu. Tun 1967 ake ƙona dutsen Kalambaina, kuma ba na cewa a daina, ƙasa na bukatar gini, mutane na bukatar aiki. Amma ramin haƙar dutse shi ne inda shimfiɗun suka fi fitowa sarai, kuma duk abin da ya shiga injin niƙa ya tafi ke nan har abada. A ware bango guda a kowane rami, a killace shi, a bar ɗalibai su riƙa zuwa suna aunawa suna ɗibar samfuri. Asarar da kamfani zai yi ba ta taka kara ta karya ba.

Babban nauyin dai a kanmu yake, mu 'yan Arewa. Ilimin nan yana kulle a cikin Turanci mai tsauri, a mujallun da malamin sakandare a Tudun Wada ba zai taɓa gani ba. Wasu iyaye kuma suna ɗari-ɗari da shi, da zarar sun ji an ambaci miliyoyin shekaru sai su ɗauka baƙon abu ne da ya saɓa wa tarbiyyarmu. Ya kamata su san cewa kimanin shekara dubu da suka wuce Al-Biruni ya lura da ɓawon teku da ake tonowa daga rijiyoyin hamadar Larabawa, ya yanke cewa wurin teku ne a da, Ibn Sina kuma ya yi bayanin yadda laka ke zama dutse da halittu a cikinta. Duba halitta da tunani a kanta gadonmu ne. Masananmu su rubuto mana ƙaramin littafi da Hausa, da hotuna, su shiga rediyo su yi bayani. Akwai ma fa'ida ta kusa: mutumin da ya san bambancin falalen dutsenmu da shimfiɗaɗɗen dutsen teku, ba mai zuwa ya ruɗe shi da labarin wai an ga alamar mai a gonarsa ya karɓe masa kuɗi.

Yaron da ya tashi yana kallon tsaunukan Riruwai, ko yarinyar da ke wucewa ta bakin madatsar Tiga kullum, ba abin da zai hana su zama Kogbe ko Tappan na gobe, illa ba wanda ya taɓa nuna musu. Jami'ar Bayero da ta Wudil da ta Zariya duk suna koyar da ilimin duwatsu, kuma babu wadda ta wuce tafiyar safiya ɗaya daga Ƙofa. Ina roƙon shugabannin waɗannan sassa su ɗauko madubi ɗaya, da kwalin ɓawon Kalambaina, da guntun dutsen Riruwai, su zagaya makarantun sakandaren Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, na maza da na mata, ko sau ɗaya a zangon karatu. Shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu da 'yan majalisarmu su ɗauki nauyin mota da mai. Shugabannin makarantu kuma kada ku zauna jiran a zo, ku rubuta takardar gayyata a wannan zangon.